Ranar da Injiniya Ya Zo Ajin Nuzla

Tun da safe Abdulghani ya kasa zama wuri ɗaya, alhali babu abin da ya faru. Asabar ce, ranar aji, kuma ranar da baƙo zai zo. Ya share falo, ya jera kujerun roba, ya koma ya sake jera su. Matarsa Dela ta leƙo daga kicin ta ce idan ya ci gaba da goge allon nan zai huda shi.

Ajin Turanci ne na manya, a falon gidansa da ke unguwar Nuzla a Jidda ake yinsa. Malama Mastura, 'yar Zariya ce mai aikin jinya a wani asibiti, ita take zuwa bayan la'asar ta koyar kyauta. Ɗalibanta direbobi ne da masu gadi da mata masu aikin gidaje, maza a gaba, mata a baya. Shi Abdulghani ba ya zama a ciki. Motar kaya yake tuƙawa a wani sito a Mahjar, kuma yana ganin kansa ya bushe da karatu. Ya ba da falon ne saboda 'yarsa Lailatu, wadda take son Turanci kamar me.

Doka ɗaya ce a ajin, kuma ba malama ce ta zo da ita ba, unguwa ce ta koya mata. Idan aka zo darasin gabatar da kai, inda mutum zai faɗi sunansa da inda yake zaune da aikinsa, kowa aron suna yake yi. Wani dattijo mai gadi, wanda ko lif ba ya yarda ya shiga, shi ne Abdulmohsen matuƙin jirgin sama. Lailatu ita ce Joud, likitar haƙori daga Makka. A yi ta dariya, amma kowa ya san dalili. Ba kowa ne iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, take da rai ba, kuma magana tana da ƙafa.

Iƙamar Lailatu ma ta mutu. Tun da Abdulghani ya sauya kafili, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, takardunta suka maƙale a hannun wani mai bin takardu, kullum sai ya ce bukra, wato gobe. A Jidda aka haife ta, Nijeriya a waya kawai ta taɓa ganinta. Duk da haka tana zuwa wani shagon gyaran mata a Kurayyat tana yin lalle da kitso a ɓoye. Duk ranar da ta yi jinkirin dawowa, Abdulghani yakan tsaya a taga yana ganin an sa ta a jirgi an sauke ta a garin da ba ta san kowa ba.

Baƙon da ake jira shi ne Injiniya Saifuddeen. Kwangila ce ta kawo shi Jidda ba da daɗewa ba, a arewacin gari yake zaune, kuma shi ke riƙe da sashen taimako na wata ƙungiyar ma'aikata 'yan Nijeriya. Kujerun nan da allon da mukayyif ɗin da ke busa sanyi a bango, duk ta hannunsa suka zo. Kafin nan a tabarma ake zama, ana karatu ana sharce gumi. Abdulghani bai manta wannan ba, shi ya sa ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a ya sauka har bakin titi ya tare shi.

Injiniya ya hau matakala da hankici a hanci. Da suka gaisa ya zaro 'yar kwalba ya fesa wa tafinsa ya murtsuke, a gaban mai gida. Aka miƙa masa gahawa da dabino, ya karɓi kofin ya duba cikinsa ya ajiye a gefen ƙafarsa. Abdulghani ya gani, ya kau da kai. Direban Injiniya ya shigo da manyan faranti na shinkafa da rago a rufe, Injiniya ya ce kada a buɗe tukuna.

Ya yi jawabi mai tsawo, Hausar rabi Turanci. Ya ce wannan ilimi zai yi musu amfani idan sun koma gida. Wata mata a baya ta tambayi ta kusa da ita da Larabci, "Wane gidan yake nufi?" Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Sai ya kafa waya a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku.

Mata suka ja mayafi. Abdulmohsen matuƙin jirgi ya tuna yana da uzuri a banɗaki. Malama Mastura ta matso ta ce, "Injiniya, da ka bar hoton nan. Mutanenmu ba sa so."

"Haba Sista, kunya ce kawai. Za su saba." Ya juyo wajen Abdulghani. "Malam, ko za a samu shayi? Wanda ba suga."

Abdulghani ya shiga kicin. Ruwa ya ƙi tafasa da wuri, Dela tana neman kofin baƙi. Yana tsaye da faranti a hannu ya ji muryar Lailatu daga falo, tana Turanci a nutse. Ba ya jin harshen, amma darasin nan ya sha shiga kunnensa ta bango har ya san hawansa da saukarsa. Inda ya saba jin Joud, sai ya ji Lailatu Abdulghani. Inda ya saba jin Makka, sai ya ji Nuzla. Can kuma ya ji Kurayyat, da sunan shagon, tiryan-tiryan.

Ya fito. Tana tsaye gaban allo, fuska a buɗe, idonta yana ƙyalli. Bai taɓa ganinta da irin wannan farin cikin ba, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai.

"Ka ga 'yarka?" in ji Injiniya yana tafi. "Wai Joud! Na ce mata masu taimako gaskiya suke son ji, ba wasan yara ba. Wannan yarinyar, idan manya suka gan ta, har makaranta ta gaske za a iya kai ta."

Baƙo ne, a falonsa yake. Abdulghani ya zuba masa shayi, ya jira ya kurɓa, sannan ya ce, "Injiniya, don Allah minti ɗaya."

Suka fita bakin matakala. Ya faɗa masa komai da murya ƙasa, abin da ko 'yan uwansa bai cika faɗa wa ba.

Injiniya ya ɗaga gira. "To me ya hana ku gyara takardun?"

"Ana kai. Wallahi ana kai."

"Ku mutanen nan kuna da sakaci. Amma kwantar da hankalinka, cikin zauren ƙungiyarmu kawai zan saka. 'Yan uwa ne."

"Su nawa ne?"

"Ai muna da yawa. Riyad, Dammam, har Landan. Kuma kowa zai tura wa nasa, abin da ake so ke nan."

Abdulghani ya ce, "Ta faɗi sunan shagon mutane. Idan ya kai inda bai kamata ba, ba ita kaɗai ba ce. Ka goge, ka yi wa Allah."

"Malam, ka san wahalar da na sha kafin a amince da mukayyif ɗin nan? Idan na koma hannu biyu, cewa za a yi na cinye. Sai an ga fuska ake bayarwa. Akwai wasu a Mahjar da suke ta roƙona, su ba sa ɓoye fuska idan an yi musu alheri. In kun gaji, gobe a zo a kwashe kayan a kai musu."

Ya faɗi haka ba tare da fushi ba, yana duba agogo. Abdulghani ya dubi bakinsa mai sheƙin man leɓe. Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba yana hango mutane a kan kujerun, suna jira.

"Fuska kake so?"

"Ita ce kawai."

"To ga tawa. Iƙamata tana da rai. Goge nata, ka ɗauke ni."

Injiniya ya ja baya kaɗan ya dube shi daga hula har takalmi, kamar mai taya rago. "Uba mai iyali... direba... Eh, zai yi. Zai ma fi taɓa zuciya. Amma ba da wannan rigar ba, ka yi kama da mai hali. Ba ka da kayan aiki?"

"Ina da su. Amma sai ka goge tukuna."

Abdulghani ya kira Malama Mastura. Injiniya ya danna ya nuna musu, ya ce halas, an goge. Malama ta ce, "Akwai inda suke zama bayan an goge. Mu gani." Ya yi tsaki, ya buɗe, ta sa yatsanta da kanta ta goge na can ma. Ta tambaya ko ya riga ya tura wa wani, ya rantse bai tura ba, ta duba ta gani.

Abdulghani ya shiga ɗaki ya cire farar jallabiya. Kayan aikin suna rataye bayan ƙofa, ba a wanke su ba, suna warin dizal da tsohon gumi. Dela ta tsaya tana kallonsa yana zura ƙafa.

"Me ke nan kuma, Baban Lailatu?"

"Ki bari kawai."

Da ya fito, babu wanda ya yi dariya. Injiniya ya ce kada ya tsaya kusa da allo, ya koma can lungu inda ruwa ya ci bango fenti ya ɓare. Ya sa aka kashe fitila ɗaya. Sannan ya faɗi abin da za a ce, ya dubi Lailatu. "Ke, zo ki koya wa babanki. Ke ce gwanar."

Ta zo ta tsaya bayan wayar. Ƙyallin idon nan ya tafi. Ta faɗi jimlar farko a hankali, ya maimaita. Sunansa ne da aikinsa, wannan bai yi wuya ba. Ta biyu godiya ce ga ƙungiya da Injiniya Saifuddeen. Harshensa ya harɗe, aka sake. Ya kuma harɗewa, aka sake.

"Yalla Malam, ka saki jiki. Ka ɗan sunkuyar da kai. A'a, ba sosai ba, ina son a ga ido. Hannun nan ka ɗora a ƙirji."

Da aka zo ta uku Lailatu ta yi shiru.

"Faɗa masa mana," in ji Injiniya.

Abdulghani ya dube ta. "Me take nufi?"

"Baba, ka bar wannan."

"Na ce me take nufi?"

Ta amsa da Larabci, ƙasa-ƙasa, don kada baƙon ya ji yadda muryarta take rawa. "Wai kafin su zo ba mu san komai ba. Wai a duhu muke, mu da 'ya'yanmu."

Abdulghani ya tuna mahaifinsa, wanda ya yi shekaru yana karantar da yara Alƙur'ani a unguwar nan har ya rasu. Ya haɗiye yawu mai ɗaci. Ya dubi wayar, ya dubi 'yarsa.

"Faɗa min a hankali," ya ce.

Ta faɗa, kalma bayan kalma, hawaye yana zubo mata ba ta share ba. Ya bi ta. Wannan karon bai yi kuskure ko ɗaya ba.

"Madalla!" in ji Injiniya. "Wannan ita ce. Yanzu a buɗe abinci."

Ya ɗauki hoton farantan daga sama, ya naɗe ƙarfensa, ya ce yana da wani taro. Bai ci ko loma ba. Abdulghani ya raka shi har mota, saboda haka ake yi wa baƙo. Da motar ta sha kwana ya tofar da yawu a gindin bango, ya sake tofarwa, ɗacin bai fita ba.

A sama mutane sun kewaye farantan. Dattijon nan ya dawo daga banɗaki, ya tura masa kafaɗar rago ya ce, "Bismillah, mai gida." Abdulghani ya ce ya ƙoshi. Malama Mastura ta tsaya kusa da shi kamar za ta yi magana, sai kawai ta ce, "Asabar mai zuwa muna nan?"

"Muna nan," ya ce.

Bayan magariba, yana dawowa daga masallaci, waya ta yi ƙara a aljihunsa. Wani abokin aikinsa ne na sito ya turo, ya rubuta a ƙasa, "Ya ammi, baffana, kai ne wannan?" Har an sa masa kiɗa mai ban tausayi.

Abdulghani ya tsaya a matakala ya kunna. Bai kalli mutumin da ke lungu da hannu a ƙirji ba. Gefe-gefen hoton yake bi da ido, yana neman bakin mayafi, ko hannu mai lalle, ko inuwa a bango. Ya kai ƙarshe, ya dawo farko, ya kara wayar a kunne ko za a ji muryar da ke ba shi kalmomin. Kiɗan ya rufe ta. Babu Lailatu ko ta ina.

Ya mayar da wayar aljihu ba tare da ya amsa wa abokin ba, ya ci gaba da hawa.