Filastar Ƙasan Kibod

Hafizu ya kai kibiyar kwamfuta kan sunan Hure Inuwa, sai ya kasa dannawa. Ga koren ɗigo a gefen sunan, alamar yanzu haka wani yana cikin akawun ɗinta yana aiki. Ita kuwa mai sunan tana zaune a benci bakin ofishinsa, jaka a cinya.

Shi ke kula da babbar na'urar wannan ƙaramin asibitin kuɗi na Gaya. Shi ke buɗe wa ma'aikaci akawun, ya yanka masa iyakar abin da zai taɓa. Mai kati ya ga sunaye, mai magani ya ga magani. Izinin rubuta sakamakon gwajin jini kuwa mutum ɗaya ke da shi, Baba Hure, shugabar ɗakin gwaji, mai shekara goma sha tara a bakin aiki.

Wannan a tsari ke nan. A zahiri lambar sirrinta tana rubuce jikin filasta, an manna a ƙasan kibod ɗin kwamfutar ɗakin gwaji. A gidan nan, hana abokin aiki lambarka kamar hana shi butar alwala ne, sai a ce zarginsa kake. Tun bara Hafizu ya ga filastar. Ya so ya yi magana, amma matar sa'ar mahaifiyarsa ce, kunya ta ɗaure masa baki.

Ranar Talata aka kawo wata mai naƙuda daga Kademi, jini ya ɓalle mata. Wani ya shigar da rukunin jininta ba daidai ba, aka ƙara mata wanda ba nata ba. Kafin a kai ta Kano rai ya yi halinsa. A ranar Baba Hure tana Ajingi zaman makokin ƙanenta. Kowa ya sani, motar asibitin ce ma ta kai 'yan gaisuwa. To, amma na'ura ba ta je gaisuwa ba. Abin da ta rubuta shi ne Hure Inuwa, ƙarfe sha ɗaya da minti shida.

Manaja, Malam Bala, ya leƙo. "Ka rufe akawun ɗinta?"

"Yallaɓai, mutum huɗu ne suka yi aiki a ɗakin gwaji ranar."

"Na'urar ta nuna maka wanne ne a cikinsu?"

"A'a."

"To sunan wa ta nuna?"

Hafizu ya nuna masa sunan Baba Hure a jikin allon.

"Masu bincike suna tafe gobe, takarda za su nema, ba labari ba. Rufe kawai."

Da manaja ya juya, Baba Hure ta taso ta tsaya a ƙofa. Idonta a bushe yake, wannan ya fi ƙona wa Hafizu rai fiye da a ce kuka take.

"Ɗan nan, daina wahalar da kanka. Ni na ba su lambar da hannuna."

"Baba, da tun bara na ɓamɓare filastar nan..."

"Da na ce ka raina ni, da har gida na kai ƙararka." Ta gyara mayafi. "Jaririyar fa?"

"Tana raye. Tana hannun kakarta."

"Allah Ya raya ta. Danna, ina so in gani."

Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata. Bai tabbata da komai ba, amma ya danna. Koren ɗigon ya koma ruwan toka. Baba Hure ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a gaida mata mutanen gida, ta fita a hankali.

Ba a yi minti biyar ba sai ga Maiwada, ma'aikacin ɗakin gwaji, manaja na biye da shi.

"Hafizu, kwamfuta ta fitar da ni ina tsakiyar rubutu. Ga mutum shida a layi, har da yaron da ke jiran ƙarin jini."

"Sai an naɗa sabon shugaba a rubuce zan ba shi izinin. Ko kuma Yallaɓai ya sa hannu yanzu in ba ka da sunanka."

"Da sunana?" Maiwada ya ja da baya. "A wannan halin? Rufa min asiri."

Malam Bala ma bai ko kalli takardar da Hafizu ya tura masa ba. "Sa hannu sai bayan bincike. Naka ai yana buɗe ko'ina. Ara musu na kwana biyu, duk ɗaya muke."

Hafizu ya dubi allon. Ga sunansa a saman jerin, da koren ɗigonsa. Ta taga yana hango Baba Hure a bakin titi tana tsayar da adaidaita, ko tafiya ba ta yi ba. Daga baranda kuma yana jin uwar yaron tana tambayar ko an kusa.

Maiwada ya riga ya yago filasta, yana miƙo masa da biro.

Hafizu ya karɓa.