Noman da Rabilu Ya Yi wa Zubairu

Rabilu ɗan kabu-kabu ne a Tasawa. Hannunsa ya saba da kan moto, ya manta ƙotar hauya. Ga shi kuma yana neman Sakina, ƴar Malam Mahmudu na Maijirgi, tsohon da ba ya auna namiji sai a gona. Da damina ta zauna, aka aika masa ya kawo gayya, kamar yadda kowane mai neman aure yake yi.

Rabilu ya tara samari da makaɗi, amma yana tsoron jin kunya a gona. Abokinsa Bature ya ce wannan ba abin damuwa ba ne. Ya narka masa ƙwayar tramol a shayi, ya ce da ita ake tonon zinariya a arewa, balle ɗan noman gero. Rabilu ya shanye, ya ce a ƙara.

Da hantsi ya wuce kowa. Makaɗi ya bi shi da kirari har muryarsa ta dushe. Ƙaya ta huda masa diddige, bai ji ba. Bakinsa ya bushe, jikinsa na ƙaiƙayi, yana susa yana dariya. Da ya gifta gindin gawon da tsohon yake zaune, wurin da ya kamata ya sunkuyar da kai, sai ya ɗaga hannu.

"Mamuda, yaya zafi?"

Goron bakinsa kawai Malam Mahmudu ya daina taunawa.

A gabas da gonar akwai layin gamba, iyakarsa da maƙwabcinsa Zubairu. A kan gambar nan suka yi ta zuwa gaban maigari, har yau ba sa gaisawa. Rabilu ya iso, ya ga ciyawa ce ta yi tsawo, ya sassabe ta tas. Ya faɗa gonar Zubairu yana noma. Samari na kiransa, shi kuwa ya zaci kirari ne, ya ƙara ƙaimi. Zubairu yana tsaye riƙe da butarsa. Ya duba, ya nemi inuwa ya zauna, har yana nuna masa inda ciyawa ta fi yawa.

Kafin azahar Rabilu ya yanke jiki ya faɗi, yana karkarwa, kumfa na fita ta bakinsa. A amalanken jaki aka kai shi likita. Da ya farfaɗo, harshensa a cije, ƙafarsa a kumbure, ma'aikacin ya gaya masa wasu daga irin wannan faɗuwa sai makabarta. Bature kuwa tun a hanya ya tuna yana da aiki a Urafan.

Da ya iya taka ƙasa, Rabilu ya tura kawunsa ba da haƙuri. Kawun ya yi ta zagaye-zagaye, ya kawo ƙuruciya, ya kawo sharrin abokai. Malam Mahmudu ya bari ya gama, sannan ya turo masa ƙullin goron da aka kai tun farko.

"Ni ban ga gayya ba. Zubairu aka yi wa noma. Ku je ku nemi ƴarsa."

Kawun ya dawo ya zauna kusa da Rabilu, ya daɗe yana kaɗa kai.

"Kawu, to ko za mu gwada can ɗin?"

"Rufe mini baki. Ƴaƴan Zubairu duk maza ne."