Mikiya Dubu Biyu da Ɗari Huɗu

Karo na shida ke nan tun safe da zanen ya ƙi buɗuwa. Injiniya ta danna fayil ɗin, ɗan zoben nan ya hau juyawa a tsakiyar allo, fankar kwamfutar ta ɗauki kuka kamar tsohon babur a kan tudu. Can allon ya yi fari fat, manhajar ta rufe kanta ko sallama babu.

Wata takwas ta yi tana zana injin casar shinkafar nan guntu-guntu, tun daga mazurari har bel ɗin da ke kwashe ɓuntu. Kowane guntu da fayil ɗinsa, sannan ga babban fayil guda da ke haɗa su duka su tashi inji. Ranar Litinin lafiya lau ta bar shi. Ta yi kwana uku a asibiti da 'yarta, ta dawo ta tarar ya zama jaki mai taurin kai. Kuma yau da ƙarfe sha biyu masu sayen injin za su zo su gani.

Kawu na tsaye a bayanta. Ƙanen mahaifinta ne, shi ne mai kamfanin, kuma duk iliminsa na kwamfuta bai wuce a kashe a sake kunnawa ba. A gida "Uwata" yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Tun jiya kuwa ta koma "ke".

"Ke, har yanzu?"

"Kawu, ina dubawa."

"Tun jiya kike dubawa. Na ce ki kashe ki kunna."

"Na yi, Kawu. Sau huɗu."

Ya duba agogo. "Sha ɗaya da rabi idan bai buɗe ba, Dogo ya karɓi aikin. Shi zai tsaya gaban baƙi, sunansa za a sa a takardun. Ba zan ji kunya saboda ke ba."

Dogo mijin 'yar Kawu ne, shi ma yana ɗan taɓa zane. Yana zaune a teburin bakin taga yana jujjuya makullin mota, yana ta faman ɓoye murmushi, murmushin ya ƙi ɓoyuwa.

"Wani aikin sai an natsu, Baba," in ji shi. "Mai jinya kuwa hankalinta a rabe yake."

Ranta ya yi mugun ɓaci. Ta haɗiye maganar da ta zo mata, don ta san idan ta fita ba ta dawowa.

Jiya mai gyaran kwamfuta ya ƙara wa na'urar ƙwaƙwalwa, ya sabunta manhajar katin hoto, ya hure ƙura, ya tafi yana rantsuwa an gama. Ita da kanta ta kwafo fayilolin daga rumbun ofis zuwa cikin kwamfutar, ko dai wayar sadarwa ce ke jan ƙafa. Duk a banza. Saboda haka ta daina zargin na'ura, ta koma zargin zanen.

Ta buɗe babban fayil ɗin da duk guntayen a kashe. Nan take ya buɗe, fanko. Ta kunna firam, ƙarafan da ke riƙe da injin, lafiya. Ta kunna motar lantarkin da ke juya injin da akwatin giyarsa, lafiya. Mazurari, rariya, bel, duk suka zauna daram, tana juya injin a allo kamar ƙwallo a hannu. Saura abu ɗaya, wanda ko a mafarki ba za ta zarga ba: ƙusoshi masu noti. Ta kunna su. Zoben ya dawo, fanka ta ɗau kuka, allo ya yi fari.

Ta leƙa nauyin fayil ɗin ƙusar. Abin da ta sani ɗan mitsitsi yanzu ya fi akwatin giya nauyi. Ta buɗe shi shi kaɗai, ta jawo shi kusa.

Ƙusa a zane ai sanda ce mai kai, shi ke nan. Babu mai hankalin da zai zauna ya sassaƙa mata tiredi, wato murɗaɗɗen layin nan da noti ke bi, domin kowane zagaye lissafi ne a kan kwamfuta. Wannan kuwa an yi mata tiredi tun daga wuya har gindi. A kanta kuma, ga tambarin kamfanin an tono shi raɗau: mikiya ta baje fukafukai, kowane gashi da lanƙwasarsa, har ƙumba. Ƙusa ɗaya ce a fayil, amma sau dubu biyu da ɗari huɗu ta fito a jikin injin. Ta duba wanda ya adana fayil ɗin a ƙarshe. Dogo, ranar Laraba, lokacin da take riƙe da hannun 'yarta ana saka mata ruwa.

Ta kashe tiredin da mikiyar, ta buɗe injin duka. Kafin ta sauke numfashi ya bayyana cif. Sai idonta ya faɗa kan akwatin da ke kusurwar takardar zane, inda ake rubuta sunan mai aiki. An riga an goge nata. Ashe ko sha ɗaya da rabin ba a jira ba.

"Kawu, zo ka gani."

Ya matso, fuskarsa ta saki. "Yawwa. Ba na ce ki kashe ki kunna ba?" Ya sunkuya yana leƙen allon. "To ina mikiyar? Ni na ce Dogo ya sa ta a kowace ƙusa, baƙi su san aikin gidan nan ne."

"Mikiyar kake so?"

"Ita fa."

Ta kunna ta. Su uku suka zuba ido zoben yana juyawa, yana juyawa, har manhajar ta mutu a gabansu. Ta tashi, ta jawo kujerar baya, ta juya ta wajen Dogo.

"Bismillah. Kai ka haifi mikiyoyin nan, zo ka yi kiwonsu. Kwana biyu ana wanke ni tas a ofis ɗin nan, an ce hankalina a rabe yake. Kai da naka yake a haɗe, zauna ka buɗe."

Dogo ya kalli kujerar, ya kalli Kawu. Makullin ya daina juyawa. "Ai ni abin da Baba ya ce..."

"Ya ce ka goge sunana ma?"

Daga tsakar gidan kamfanin aka ji ƙarar buɗe get, mota ta shigo tun sha biyu ba ta yi ba, mai gadi yana yi wa baƙi sannu da zuwa. Kawu ya leƙa taga, ya dawo, ya share goshi da bayan hannu.

"Uwata," ya ce a hankali, "zauna."

Sunan ya ƙara tunzura ta. Wato sai da mota ta shigo ya tuna da shi. Ba ta zauna ba. A tsaye ta sunkuya ta kashe mikiyar, ta buɗe takardar zanen, ta kai kibiyar allo kan akwatin suna, sannan ta tura madannan kwamfutar gaban Kawu.

"Shi ya goge, amma kai ka ba shi baki. Kai za ka mayar."

Ana jin takun baƙi a matakala. Kawu ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya sunkuya da yatsa ɗaya yana neman haruffan sunan mahaifiyarsa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ba ta nuna masa ko guda ba.