Tayar Baya

A Kwarin Yelwa, wani ƙauye a bakin kogi gabas da Haɗeja, idan mutum ya rasu ba hotonsa ake ratayewa ba. Kekensa ake zanawa a bangon gidansa, kuma Gambo ne mai zanen.

Liman Abdulganiyyu ne ya jawo wannan al'ada ba da niyya ba. Gambo ya koyi fenti a tashar Haɗeja, inda ya yi shekaru yana zana zakuna da dawisu a bayan manyan motoci. Da ya dawo gida da gwangwanayensa, Liman ya kira shi ya ce ya yi zanensa, amma ban da mai rai. Gambo ya ce, "Allah gafarta Malam, keke fa?" Liman ya yi kwana uku yana buɗe littattafai, sannan ya fito ya ce keke ba shi da rai, sai dai a kula da fitilar, kada ta yi kama da ido.

To Gambo irin mutanen nan ne da in ka rufe musu ƙofa sai su shigo ta taga. Da Muhammadu mai kifi ya rasu, ya zana kekensa da sirdi a karkace, don marigayin da ɗuwawu ɗaya yake zama saboda basir, ga feda guda ta cinye saura guntun ƙarfe, ga kwando a baya. Matar marigayin ta fito ta gani, ta gyara mayafi ta ce, "Sannu da zuwa." Kafin la'asar ƙudaje sun cika kwandon, maguna biyu sun tare a gindin bangon.

Daga nan kowane gida ya so nasa. Kekunan bango kuma ba su da sauƙin riƙo. Da rani, lokacin da ƙaya ke zuba, tayoyinsu kan sace, sai Gambo ya zaga gari duk Alhamis da baƙin fenti yana yi musu faci. An taɓa sace ƙararrawar keken tsohon mai unguwa, aka same ta a bangon wani gida, magana ta je har gaban dagaci. Wani maƙwabci ya zo aron keken Muhammadu zai je Baturiya, matar ta ce masa ba burki, shi kuma ya yi godiya ya tafi da ƙafa. Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Mutanen da kogi ke shigo wa ɗaki duk shekara ba sa ɓata mamakinsu a kan ƙananan abubuwa.

Sai Mairo matar Gambo ta rasu, kuma Mairo ba ta da keke.

Shekara talatin da ɗaya yana goya ta a kariyar kekensa, kasuwa, asibiti, gidan suna. Gambo akwai surutu a kan hanya. Ita kuwa tana da hali guda: ba ta yarda ruwa ya taɓa mata zani. Da sun doshi mashigi sai ta sulale ta sauka ba ko sallama, ta tattare zaninta, ta riƙe takalmi a hannu. Shi ko sai ya yi ta tuƙi yana zuba labari shi kaɗai, wani lokaci har ya wuce gona biyu kafin ya ji keken ya yi masa sakayau. Sai ya tsaya, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya jira. Ta iso tana haki ta ce, "Malam, kai dai har abada ba ka sanin lokacin da na sauka."

Bayan sadakar arba'in ya zana nasa keken a bangon ɗakinsu, ta waje, inda inuwar darbejiya ke sauka da hantsi. Bai sa komai a kariyar ba. Tayar baya kawai ya lotsar, daidai yadda nauyinta ke lotsar da ita. Keken gaskiyar kuma ya rataye shi a rumfa, bai ƙara hawa ba, don rashin nauyin na sa shi kuka.

Liman ya zo duba ko an ƙetare haddi. Ya tsaya gaban bangon, bai san sanda ya ce, "Mairo, ina gajiya?" ba. Ya yi istigfari, ya sake dubawa sama da ƙasa, bai sami abin hanawa ba. Tun daga ranar duk wanda ya wuce sai ya gaisa. Da azumi tayar kan ɗan taso, bayan babbar Sallah ta ƙara kwanciya. Shekara huɗu Gambo na shan kokonsa a gindin bangon nan yana ba ta labarin gari. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, ya sani, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Ciyawar kacalla ta daɗe da toshe hanyoyin kogi, shi ya sa ruwa in ya zo bai san inda zai bi ba sai gidajen mutane. A wannan shekara, cikin watan Satumba, jingar da aka yi wa gari ta ɓalle. Bangayen ƙasa suka fara narkewa kamar sukari a shayi. Na Muhammadu ne ya fara tafiya. Masunta sun rantse sun ga keken a ƙarƙashin ruwa ya nufi Baturiya, kwandon cike da tarwaɗa. Mutane suka kwashe tabarmi da awaki suka koma makarantar firamare da ke kan tudu.

Gambo bai tafi ba. Ya kwashe buhunan yashin da suka rage daga jinga, ya jera su a gaban bango ɗaya tak. Rumbunsa ya faɗi yana kallo, bai ko ɗaga kai ba.

Bintu, 'yarsu da ke aure a Haɗeja, ta hau adaidaita zuwa inda titi ya nutse, ta ƙarasa a kwalekwale.

"Baba, don girman Allah ka taso mu tafi. Gidanmu na bulo ne. Ga bango nan fari tas, ka zana goma in kana so."

"Na zana ai. Ranar sunan 'yarki Hafsat, a bayan kicin ɗinki. Kin manta?"

Ba ta manta ba. Ya wuni yana fama, tayar ta ƙi lotsawa.

"Uwarki ba ta hau wancan ba," in ji shi. "Nan ta hau. In bangon nan ya faɗi, ba ni da inda zan same ta."

"To kai fa in ya faɗo maka?"

"Miƙo min kwanon can."

Ta miƙa masa tana hawaye, ta koma makarantar don ta kwana kusa.

Kwana uku Gambo na kwalfar ruwa. Ya juya wa bangon baya, ya fuskanci kogin, in ya zubar da kwano ɗaya sai goma su ɓulɓulo ta ƙasan buhuna. Kowa ya san aikin banza ne, har shi. Amma bakinsa bai huta ba. Ya ba Mairo labarin akuyar dagaci da ta haihu a ofishin hedimasta. Ya ba ta labarin yadda Liman ya ja sallah yana tsaye a kan benci. Ya gaya mata kada ta damu, ruwan iya idon sawu ne, alhali ya kai masa gwiwa. Ƙafafunsa suka yi fari, suka tsage, bai ji ba. Rabonsa da surutu mai daɗi haka tun suna zuwa kasuwar Haɗeja.

Rana ta huɗu da hantsi ruwa ya haye buhunan. Sai lokacin ya ajiye kwanon, ya juya don ya ba ta haƙuri.

Bangon na nan tsaye. Ruwa ya haye gindinsa, saura ɗan yatsa ya kai ga zanen. Fentin bai goge ba, fitilar na nan ba ta kama da ido. Tayar baya ce ta cika tam, ta zagaye sumul kamar ta gaba.

Gambo ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?" ya ce.

Ya duba hagu, ya duba dama, ruwa ne da kacalla da wata butar roba tana yawo. Ko jiya ne, ko tun ranar farko, kafin labarin akuya, ba shi da hanyar sani. Sai ya yi abin da ya saba. Ya dafa bangon, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya waiwaya baya yana jira. Ya jira har rana ta take tsaka. Ba wadda ta taho da takalmi a hannu.

Da ya gaji ya ciro gwangwanin baƙin fenti daga reshen darbejiya inda ya rataye shi. Hannunsa bai taɓa yin kuskure a kan taya ba, kuma ranar ma bai yi ba. Ya lotsar da ita daidai wurin, daidai zurfin, ya ja baya ya duba.

A haka kwalekwale ya iso, Bintu a gaba, Liman a tsakiya ya tattare rigarsa, don ita ta roƙe shi ya zo ya sa baki. Fuskar Liman kawai Gambo ya zuba wa ido, don shekara huɗu mutumin nan bai taɓa wuce bangon ba tare da ya gaisa ba.

Liman ya dubi zanen. Ya ƙara matso da kai, ya gyara tabarau.

"Gambo," ya ce, "tayar nan taka ta yi faci."

"Ta yi, Malam," in ji Gambo.

Ya sa murfin gwangwanin, ya danna shi da kyau, ya miƙa wa Bintu hannu ta ja shi ciki.