Kan Kawu a Cikin Taurari

Tun ranar da ya ce zai yi fim 'yan layinsu suka laƙaba masa Darakta, kuma ba don girmamawa ba. Shi dai mai gyaran waya ne, shagonsa ko ƙafa ba a miƙewa sosai a ciki. Labarin fim ɗin na barkwanci ne. Wasu halittu sun taso daga wata duniya su ci tamu da yaƙi, sai aka tare su a bakin wani ofis aka ce sai sun cike fom, mai sa hannu kuma ya fita, a dawo gobe. Haka za su yi ta dawowa har man jirginsu ya ƙare.

Mutum ɗaya ne bai yi masa dariya ba, wato kawunsa mai walda, ƙanen mahaifiyarsa. Shi ya ƙera jirgin da gangar tsohon injin wanki da murafen tukwane, shi kuma ya fito a Janar ɗin baƙin, da rariyar ƙarfe a kife a kansa.

Shekara biyu suna abu ɗaya. Ruwan sama ya lalata jirgin farko. Wanda ke fitowa a ma'aikacin ofis ya sami aiki a wani gari ya tafi, dole aka sa wani, aka ce a cikin labarin canjin wurin aiki aka yi masa. Katin kyamarar da ke ɗauke da aikin wata uku ya mutu murus. Duk lokacin da Darakta ya zauna ya rafka tagumi, Kawu kan daki kafaɗarsa ya ce, "Tashi, ɗan nan. Abin da ya karye ai walda ake masa."

Sai ciwo ya kama Kawu, na ƙirji, ya fara cin jikinsa a hankali. Fitowa ɗaya ta rage, jawabin ban kwana na Janar, minti uku. A gaban wani koren ƙyalle suka ɗauke ta, irin wanda kwamfuta ke gogewa ta sa taurari a madadinsa. Ranar, rigar azurfar Janar ta ƙi zama a jikin Kawu, sai zamewa take daga kafaɗunsa. Yayar Darakta, wadda tela ce, ta ruga ta ɗinko wata cikin gaggawa da ragowar yadin da ke kusa da kekenta. Ragowar koren ƙyallen nan ne. Darakta ya ga rigar da idonsa, amma hankalinsa na kan numfashin Kawu, yana addu'ar ya kai ƙarshen jawabin bai faɗi ba. Sau ɗaya aka ɗauka. Washegari aka kwantar da Kawu a asibiti, bayan mako guda likita ya ce a mayar da shi gida, a ba shi duk abin da ransa ke so.

Da Darakta ya goge koren a kwamfuta, sai rigar ta tafi tare da shi. Kan Kawu kaɗai ya rage, da rariyarsa, da tafukan hannu biyu suna yawo a cikin taurari.

Magani ɗaya ne, ya bi gefen rigar da hannu, hoto bayan hoto, ya raba ta da ƙyallen. Kowace daƙiƙa hoto ashirin da huɗu ce. Ya lissafa, dubu huɗu da ɗari uku da ashirin. Tsakanin masu kawo waya, a yini yakan gama talatin, idonsa na ruwa.

Wata rana da hantsi Yaya ta leƙo shagon, ta tsaya tana kallon yadda yake zagaye hannun riga.

"Nawa ka yi?"

"Ɗari huɗu da ɗoriya."

"Saura wata nawa ke nan?"

"Huɗu da wani abu."

Ta zauna a kan bencin masu jira. Can ta ce, "Ni na jawo. Da na duba yadin."

"Haba Yaya, ni da nake da ido a bayan kyamara fa?"

"Yau Kawu ko ruwa da ƙyar ya haɗiya. Ya ce in tambaye ka, wai Janar zai sami sa hannun nan ko shi ma gobe zai dawo?"

Darakta ya miƙe. Ya naɗe wayar caji, ya rungumi kwamfutar, ya ja ƙofar shago.

Ɗakin Kawu na warin man zafi. Gilashin waldarsa na rataye a ƙusa, ƙura ta hau shi. An jingina shi da matasai biyu, wuyansa kamar sillen kara.

"A'a, Darakta da kansa. An gama?"

"Kawu, akwai 'yar matsala."

"Yaushe aka rasa ta? Kunna."

Ya ɗora kwamfutar a kan kujera ya kunna. Daƙiƙa goma sha bakwai na farko Janar na tsaye cikakken mutum, koriyar riga har ƙasa, taurari a bayansa. Daga nan jikin ya ɓace ɗif. Kansa ya ci gaba da jawabi shi kaɗai, yana cewa sun ci duniyoyi tara da yaƙi amma wannan ofis ya gagare su, hannaye na ta nuni a gefe.

Kawu ya ƙura ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta zo masa, tari ya biyo ta, har sai da Yaya ta riƙe shi ta shafa masa baya. Da ya lafa ya goge idonsa da bayan hannu.

"Kwamfutar nan taka ba ta ƙarya," ya ce a hankali. "Haka nake jin kaina kwanan nan."

"Zan dawo da jikin, Kawu. Ina kan yi."

"Na sani. Zuwa yaushe?"

Darakta ya dubi Yaya, ita kuma ta dubi ƙasa. Kawu bai sake tambaya ba. Ya ce a mayar masa farko, wurin da yake da jiki. Aka mayar. Da an zo inda zai ɓace sai ya ɗaga yatsa, a sake mayarwa. Sau shida ya kalli daƙiƙa goma sha bakwai ɗin nan, a na bakwai barci ya ɗauke shi, bakinsa a buɗe.

Darakta bai koma shago ba. Ya zauna a ƙasa kusa da gadon, ya ɗora kwamfutar a cinya, ya buɗe hoto na ɗari huɗu da tara. Ya fara daga kafaɗar hagu, yana bin gefen rigar sannu a hankali, kunnensa na kan numfashin Kawu.