Sirrin Maza

Guguwa ake ce masa, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai yi ƙarya ba. Shekararsa biyu da ɗoriya, amma in ya shiga ɗaki ya fito, sai ka rantse ɓarayi ne suka kwana suna bincike. Kakansa na wajen uwa ne ya sa masa sunan, wani dattijo mai gyaran kujeru da shagonsa ke manne da gidansa.

Kowace safiya uwar yaron, wadda ita ce autar tsohon, takan tsayar da motar haya ta sauke shi a shagon kafin ta wuce makarantar da take koyarwa. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Takan miƙa jakar yaron haɗe da dokoki, kar ya taɓa ƙusa, kar ya sha ruwan sanyi, kar a cika shi da alawa.

"Auta, ni fa na rene ki, ga ki nan da ƙafafunki biyu."

"Inna ce ta rene ni, Baba. Kai kana shago."

Sai ya yi dariya, duk da maganar takan taɓa shi. Tun da Inna ta rasu gidan ya yi masa faɗi, shagon ya yi shiru, har guduma ta fara yi masa nauyi. Guguwa ne ya zo ya kori shirun nan. Ya taɓa cinye rabin allin da ake zana yadi da shi, ya yini da shuɗin harshe yana gwada wa masu wucewa. Ya taɓa cusa kansa tsakanin ƙafafun wata kujera, sai da aka kwance ta kafin a zaro shi. Makullin shagon kuwa a cikin kushin wata mata aka same shi, bayan an ɗinke an kai mata har falo. Ga zawon haƙori, ga ƙurajen zafi, ga mura da ba ta gama tafiya sai wata ta yi sallama. Tsohon bai taɓa gajiya ba. Ya fi son ya yini yana share majina da ya yini yana sauraron agogon bango.

Matsalar ta faro ne ran da Guguwa ya hau tulin soso ya diro da ka. Goshinsa ya yi ƙulu kamar ƙwai. Da Auta ta dawo ta gani, jakarta ta suɓuce, ta rungume ɗanta tana hawaye.

"Baba, shagon nan ba wurin yaro ba ne. Akwai gidan reno kusa da makarantarmu. In haka za a riƙa yi, gara in kai shi can."

Ita a cikin ruɗewa ta faɗa, wataƙila ma kafin ta isa gida ta manta. Shi ne bai manta ba. Gidan renon nan ya tsaya masa a wuya, sai ya yi dabarar da ya ga ta fi kowace wayo, irin dabarar tsofaffin da suka tabbata sun riga kowa sanin duniya. Washegari da yaron ya kurje gwiwa ya wage baki zai yi ihu, kakan ya durƙusa gabansa, ya ɗora yatsa a leɓe.

"Shii! Maza ba sa kuka. Wannan sirrin maza ne, ni da kai. Kar Mama ta ji."

Ya wanke ciwon, ya ja masa wando ya rufe, ya jefa masa alawa a baki. Guguwa ya haɗiye kukan da alawar, ya ɗora ɗan yatsansa a leɓe shi ma. "Shii," in ji shi, yana dariya da hawaye a kumatu. Wasa ya yi daɗi. Daga ranar, duk tuntuɓe, duk ƙujewa, duk cizon tururuwa, sai a yi shii a rufe. Auta har yabawa ta yi, ta ce kwana biyu Guguwa ya yi hankali. Tsohon ya shafa gemu ya ce ai reno sai manya.

Wata rana da hantsi yana yanka koren soso don kujerun wani ofis, gutsattsari sun cika ƙasa. Shiru ya yi yawa, kuma duk wanda ya reni yaro ya san shirun yaro ba alheri ba ne. Ya waiga ya ga Guguwa zaune a ƙarƙashin tebur, ya duƙufa yana tura soso a hanci. Tsohon ya zabura ya janyo shi. Ya kwantar da shi a cinya, ya haska da tocila, ya sa hantsakin da yake cire zare ya zaro gutsure guda. Ya sake haskawa bai ga komai ba. Ya yi ajiyar zuciya, suka yi shii, aka sha alawa.

Bayan 'yan kwanaki majina ta fara zuba, ta ƙofar hanci ɗaya kawai. Auta ta sayo maganin mura a kemis. Majinar ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa, sannan wari ya biyo baya, warin da in ka ɗauki yaron sai ka kau da kai. Ta canza masa buroshi, ta wanke masa kunnuwa, ta sauya sabulu. Zazzaɓi ya shigo. Yaron da ba ya zama ya koma kwanciya a kan tulin soso, yana numfashi ta baki.

"Laifina ne, Baba," in ji ta wata safiya, idanunta sun faɗa. "Ni na bar masa fanka a kai. Wace irin uwa ce ni?"

Ya buɗe baki. Wallahi ya buɗe. Amma sai a ransa ya hango motar haya tana wuce ƙofar shagonsa ba ta tsaya ba, sai ya ce, "Lokacin mura ne, Auta, zai wuce." Da ta tafi ya sake haska hancin, bai ga komai ba sai kumburi. Ya ce wa kansa ai ya cire, da idonsa ya ga ya cire. Mutum in yana son ya yarda da abu, ba ya rasa shaida.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Auta ta nemi izini a wurin aiki suka tafi asibiti, tsohon na saɓe da yaron. Likitar mace ce mai fara'a, ta duba maƙogwaro, ta duba kunne, ta matso da hancinta ta ja baya.

"Ƙofa ɗaya ce kawai ke zuba?"

"E, ta dama."

"Ya taɓa tura wani abu a hanci? Ɗan dutse, takarda, wani abin wasa?"

"A'a, likita. Da an faɗa min." Ta juyo. "Ko Baba?"

Baba dai ya ga wani abin sha'awa a igiyar takalminsa. Likitar ta sunkuya daidai fuskar yaron. "Abokina, me ka sa a hanci?"

Guguwa ya kalli likita, ya kalli uwarsa, sannan ya juya ga kakansa. Duk da zazzaɓin sai fuskarsa ta washe, don ya gane wasan. Ya ɗaga yatsa ya ɗora a leɓe.

"Shii. Kar Mama ta ji."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma tsohon bai taɓa zaton ɗan yatsan nan ne zai kai shi ƙarshen ramin ba. Wata nas ta naɗe yaron da zanen gado kamar tabarma, ta danne masa kai, likitar ta sa wani siririn ƙarfe. Guguwa ya tsala ihu yana kiran Kaka, Kaka kuwa na tsaye jikin bango, ba abin da zai iya. Abin da ya fito ɗan mitsitsi ne, ya ruɓe ya yi baƙi, amma gefe ɗaya da sauran kore. Auta ba ta buƙaci bayani ba. A cikin soson nan ta yi rarrafe.

"Allah ya taimake ku bai zarce hanyar numfashi ba," in ji likitar tana rubuta magani. "Da an kawo shi ran da ya sa, da ko kuka ba zai yi sosai ba."

A barandar asibitin ya jira faɗa. Ya so a yi masa faɗan, ko zai ji sauƙi. Auta ta gyara goyon ɗanta, ta yi magana a hankali ba ta dube shi ba.

"Sau nawa, Baba?"

"Ƙananan abubuwa ne, Auta. Gwiwa, ɗan tuntuɓe..."

"Kana ji ina zagin kaina. A gabanka na ce laifina ne."

"Na ji tsoro ne kar ki ɗauke shi."

Ta kalle shi a karon farko, idanunta sun ciko. "Ai ban yi niyya ba, Baba. Faɗa kawai na yi."

Ranar Litinin motar haya ta wuce ƙofar shagon ba ta tsaya ba, ta zarce da Guguwa gidan reno. Tsohon ya share shagon tas, ya tsince gutsattsarin soso ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe ƙusoshi ya sa a gwangwani ya ɗora can sama. Shagon bai taɓa zama wurin da ya dace da yaro kamar yanzu ba, ga shi ba yaron. Da na sani ƙeya ce. Sai agogon bango ya dawo da surutunsa.

Auta ba ta yi gaba da shi ba, ba haka aka tarbiyyantar da ita ba. Tana kira ta gaishe shi, tana aiko masa da abinci. Maganar dawo da yaro ce dai ba ta taso ba, shi kuma ba shi da idon da zai tayar da ita. Da kewa ta ishe shi, ya tattara ragowar katako da jan yadi ya ƙera 'yar kujera daidai zaman Guguwa, ya ɗinke ta gam yadda ko allura ba za ta kai ga soson ba. Wata Asabar ya saɓa ta ya tafi gidansu.

Guguwa ya sheƙo da gudu ya rungume masa ƙafa. Hanci ya warke, ɓarna ta dawo. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta yaba kujerar, ta shiga kicin ɗora shayi. Yaron ya hau kujerar ya sauka, ya tura ta kamar mota, sannan ya gano ƙofar kabad ɗin talabijin, yana buɗewa yana rufewa. Tsohon na shirin cewa a bari, ƙofar ta datse wa yaron yatsa.

Ya jira ihun. Ihu bai zo ba. Fuskar yaron ta yamutse, hawaye na gangarowa, amma bakinsa a ƙulle. Ya cusa hannun a hammata, ya waiga wajen kicin, sannan ya ɗaga ɗayan hannun ya ɗora yatsa a leɓe.

Tsohon ya miƙe zumbur. Ya sungume shi yana ƙwala kira, "Auta! Auta, zo, ya datse yatsa!"

Ta fito da sauri, ta zaro hannun da ƙyar, farcen har ya fara tara jini. Ta tsoma shi a kofin ruwan sanyi, tana busa masa kai.

"Haka yake yi yanzu," ta ce. "Mai renon cewa take ba ta taɓa ganin jarumin yaro irinsa ba. Ran nan sai da na zo yi masa wanka na ga safarsa ta manne da jini. Tun safe ya taka kwalba, bai gaya wa kowa ba. Kullum sai na tuɓe shi na duba shi kamar kayan gwanjo, Baba, don ba zai faɗa min ba."

Tsohon ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya riƙe kafaɗun jikansa.

"Guguwa, Kaka ƙarya ya yi maka. Maza suna kuka. In ka ji ciwo ka yi ihu, ka kira Mama. Ka ji? Dube ni, ka gani, ni ma ina yi."

Kuma yana yi ɗin, hawaye na bin gemunsa, a gaban 'yar da ba ta ga kukansa ba ko ranar rasuwar Inna. Guguwa ya tsaya yana kallonsa, abin ya dame shi ƙwarai. Ya saci kallon uwarsa, ya matso kusa, ya zaro jiƙaƙƙen yatsansa daga kofin ya ɗora a leɓen kakansa.

"Shii, Kaka," ya raɗa masa. "Kar Mama ta ji."