Injin da Mai Gyaran Keke Ya Haɗa wa Matarsa

Ranar da jiri ya kayar da maginiya a kan randar da take ginawa, babbar 'yarta ta yanke hukunci. "Inna, kin gama gini. Likita ya ce zagayen nan ne yake juya miki kai."

Shekara arba'in haka maginiyar take aiki: ta ɗora yumɓu a kan kasko, ta sunkuya, ta yi ta zagaya shi da baya-da-baya har tukunya ta tashi. Ba ta yi musu ba. Ta wanke hannu ta zauna a bakin ƙofa, kwana tara ba ta tsokani kowa ba. Shirun nan ne ya tayar wa mijinta hankali, don matar da ko tari ya yi sai ta samo masa laifi, yau ga ta ya zubar da shayi a tabarma ta kau da kai.

Mai gyaran keke ne, mai son ƙirƙira, ko da yake gidan bai taɓa cin ribar ƙirƙirar ba. Fankar da ya haɗa bara, hular kansa ta fara ci. Ya san ana sayar da injin ginin tukwane, amma kuɗinsa ba na mai faci ba ne. Sai ya zazzage tarkacen shagonsa. Ya yanke gindin tsohon keke, ya bar sirdi da feda da sarƙa. Ya cika tayar mota da siminti don ta yi nauyi ta riƙe juyi, ya roƙo boris biyu wajen wani makanike, ya kafa faifan katako a sama, ya haɗa da bel. Mako uku ya gama, ya turo shi gida a baro yana tafiya kamar wanda ya ƙera jirgi.

Maginiya ta hau, ta taka feda, faifai ya juya sumul. Ta sa hannu, yumɓu ya murɗe ya kwanta. Ta sake, ya sake kwantawa. A na uku har ya fantsama a rigar mai injin.

"Malam, abinka yana juyawa, ban hana ba," in ji ta. "Amma yumɓun nan bai san hannuna ba."

"Baba, a haƙura haka," in ji 'yar. "Ka yi iyakar ƙoƙarinka."

Maganar ta fi zagi ciwo. Ya ɗora kwanon ruwa a kan faifan, ruwa ya tsaya daidai, babu karkata. Ya duba boris, ya ƙara mai, ya ɗaure noti. Injin dai lafiyarsa ƙalau, shi ne abin haushin.

Washegari ya shiga ɗakin aikinta ya zauna shi kaɗai. A tsakiyar daɓen akwai wani zagayayyen kwari da ƙafarta ta cinye a hankali. Ya tashi ya tsaya a cikinsa, ya sunkuya yadda take yi, zai ja da baya. Nan ya tsaya cak, don bai san ta wane gefe zai bi ba.

Ya leƙa waje. "Wai ta ina kike zagayawa?"

Matar tasa ta dube shi sama da ƙasa. "Shekara arba'in kana wuce ni da safe, sai yau kake tambaya?"

Kunya ta kama shi, bai kuma ɓoye ba. Ya miƙa mata kafaɗa ta dafa, ta yi masa zagaye ɗaya tak. Ya zuba wa hannunta ido, ya ga ashe ta tafin hagu yumɓu yake shigo mata. Shi kuwa faifansa ta dama yake kawo shi, kamar mai shafa kyanwa daga wutsiya zuwa kai. Ya yi shi ne yadda keke yake tafiya, don keken kaɗai ya taɓa kallo da kyau.

Ya cire bel ɗin, ya murɗa shi sau ɗaya ya gicciye, ya mayar, don faifan ya koma juyawa ta ɗaya gefen. Gyaran ko lokacin faci ɗaya bai ci ba.

Ta hau. Yumɓu ya shigo ta hagu, ya lafe a tafinta, ya fara tashi. Cikin tukunya ya buɗe, wuya ya tsuke, baki ya kwanta. 'Yar ta tsaya da tsintsiya a hannu ta manta da shara.

"Sirdin nan ya yi tauri," in ji maginiya, ba ta ko ɗago kai ba. "Kuma ƙararsa sai ka ce fankarka."

Daɗi ya kusa kashe shi. Bakin tsokanar nan nata ya dawo.

Kowace tukunya ta gina, takan danna babban yatsanta a ƙasan wuya don a san aikinta. Ta danna. Sannan ta kamo hannunsa, da baƙin mai da komai, ta danna nasa kusa da nata.

"Wannan ba ta sayarwa ba ce," in ji ta. "Miƙo min yumɓu, Malam, rana tana yi."